Daga Tanki Zuwa Kafireto: Tiyon Nailan da Tsofaffin Motocin Ƙasar Katagum

Duk mai bin hanyar Azare zuwa Gadau ya san motocin da suka riƙe ta. Ga Golf da Vectra da Sharon suna ta kai da kawo da ɗalibai da ma'aikatan jami'ar jihar Bauchi, wadda ta fara aiki a Gadau a 2011, yanzu kuma take amsa sunan Sa'adu Zungur. Ga J5 da lodinta har sama. Jifa-jifa kuma sai a ga akori-kura ƙirar Peugeot 504, Fijon nan da kowa ya sani, ta sha fenti ta sha walda, an lafta mata buhunan gero da awaki za ta kasuwar ƙauye.

A Turai da Amurka, mota mai irin waɗannan shekaru ta zama abin adanawa. Mai ita kan killace ta a rumfa, ya goge ta, ba ya fito da ita sai ranar baje koli. A ƙasar Katagum kuwa ba ta kai ga hutu ba, da ita ake ciyar da iyali. Amma masu adana ta a can da masu neman abinci da ita a nan, tambaya ɗaya ta haɗa su: idan bututun da ke kai mai daga tanki zuwa inji ya gaji, da me za a canza shi? A koma wa ƙarfe, a ja tiyon roba, ko a sa na nailan irin wanda ke ƙarƙashin motocin zamani?

Nailan mafita ce, kuma a wasu hanyoyinmu ya fi ƙarfe dacewa. Sai dai yana da wurin da ya kamace shi, yana da ƙa'idar sawa, sannan ba kowane tiyo mai santsi da aka miƙo wa mutum a shago ne nailan ba.

Motar da ta ƙi tsufa

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, shekara ɗaya bayan haka aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Fijo a Kakuri, Kaduna, a daidai lokacin da ake haɗa Bosuwaja a Legas, ba da jimawa ba kuma Steyr ya soma haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan ko auta a cikin 504 ta kai shekara ashirin a kan titi. Golf 3 da aka fi yin haya da ita, ta fara fitowa a 1991, kuma tun kafin shekarar 2000 aka rufe ƙirarta.

Abin da ya raya waɗannan motoci shi ne sauƙin gyara. Inji ya yi hayaƙi a sauke shi a sa ringi, giya ta yi ƙara a nemo ta gwanjo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, bodi ya ruɓe mai walda ya toshe. Amma hanyar mai ba ta cika samun wannan kulawa ba, don ba a ganinta. Tana can ƙarƙashi cikin laka da ƙura, ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Sai ran da fasinja ya ce, "Direba, ina jin warin fetur," sannan a tuna da ita.

Yadda mai ke tafiya

A yawancin tsofaffin motoci tanki yana baya, inji yana gaba. Tsakaninsu akwai dogon bututu siriri, mita uku zuwa huɗu, an maƙale shi a jikin shasi. A bakin tanki da kuma gefen inji ana haɗa shi da gajerun tiyon roba, saboda inji yana girgiza, abu mai tauri kuwa ba ya jure girgiza. Daga nan mai ya bi ta filta, ya shiga famfo, ya isa kafireto.

Ƙarfin turin man ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma nan ne kuskure kan fara. Idan aka yi amfani da ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi, inda tayar ƙaramar mota kan sha 30 zuwa 35, famfon motar kafireto irin 504 ba ya wuce 3 zuwa 6. Mota mai injekta kan tura mai da ƙarfin 40 ko sama da haka. Tsarin Bosch K-Jetronic da ke cikin wasu tsofaffin Marsandi da Volvo da Audi yakan haura 70. Tiyon da zai yi shekaru lafiya a motar kafireto, idan aka ɗaura shi a mai injekta yana iya fashewa ya fesa fetur a kan inji mai zafi.

Ƙarfe tsatsa ke kashe shi, ta ciki da ta waje. Ta ciki, ruwan da ke kwanciya a gindin tanki ne, wanda wani lokaci yakan biyo man jarka na 'yan bumburutu. Ta waje kuwa laka ce da ke manne wa wurin kilif ta riƙe danshi. Ƙasar nan ta kogin Jama'are da fadamu ba ta rasa wannan da damina. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, kuma duk motar da ta saba ratsa ruwa da taɓo a irin wannan lokaci, bututunta na ƙasa ne ke fara biyan kuɗin.

Roba kuma zafi da shekaru ke cin ta, ko ana tuƙa motar ko tana ajiye. Takan bushe ta tsattsage, ko ta kumbura ta yi laushi, ta riƙa sakin ɓurɓushi baƙi da ke toshe jet ɗin kafireto. Irin man da aka sha ma yana da hannu. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya tabbatar da hakan, aka janye man, aka shiga dogayen layuka a faɗin ƙasa, masu motoci da dama suka koka da lalacewar injinansu. A ƙasashen waje kuwa gauraya fetur da ethanol doka ce ta kawo shi. Birtaniya ta mai da fetur mai kashi 10 cikin ɗari na ethanol ya zama na yau da kullum a watan Satumban 2021, Amurka ta riga ta da daɗewa. Robar da aka yi a shekarun 1970 ba a yi ta don irin wannan mai ba, shi ya sa masu tsofaffin motoci a can suka tashi neman madadi.

Ga kuma batun aljihu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. A watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Motar da ke zubar da rabin lita a yini, a wata ta zubar da lita 15 a ƙasa.

Mene ne nailan ɗin?

A kudancin Nijeriya leda ake kira nailan, wasu kuma duk farin tiyo mai garai-garai sunansa nailan a wurinsu. Wannan ruɗani yana da haɗari. Tiyon da magina ke auna lebur da shi, wanda ake yanka wa janareta da babur, roba ce ta PVC. Fetur yana tsotse sinadarin da ke sa ta laushi, bayan ɗan lokaci ta yi ja, ta ƙanƙance, ta sandare, ta saki bakin da aka cusa ta. Zafin da bai kai na tafasar ruwa ba ya isa ya sa ta yi laƙwas. Ba ta da wurin zama a cikin bonet.

Nailan na gaske wani abu ne daban. Wallace Carothers da abokan aikinsa a kamfanin DuPont na Amurka ne suka fara haɗa shi a 1935, aka soma da burushin goge haƙori da safar mata. Irin wanda ya dace da fetur kuwa Faransawa ne suka fito da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka sa masa suna Rilsan, a takardun masana kuma ana rubuta shi PA11. Daga man zurma ake yin sa, zurman nan da ke fitowa da kanta a juji da bayan gari, wadda wasu ke kira cika-gida. Indiya ce ke noma mafi yawanta a yau, musamman jihar Gujarat. Motar Citroën DS da aka ƙaddamar a Faris a 1955 tana cikin na farko da aka ja wa hanyar mai da wannan tiyo. Ashe ke nan nailan ba baƙo ba ne a tsohuwar mota, ya girmi 504 ita kanta.

Daga baya aka sami ɗan'uwansa PA12, wanda ake yi daga sinadaran man fetur, shi ne kuma ya mamaye masana'antar mota. An ga girman matsayinsa a 2012. Ranar 31 ga Maris na shekarar wata masana'antar kamfanin Evonik a garin Marl na Jamus ta yi bindiga, ma'aikata biyu suka rasu. A nan ake yin babban kaso na sinadarin da ake haɗa PA12 da shi. Cikin makonni kaɗan manyan kamfanonin mota suka kira taron gaggawa a yankin Detroit, don tsoron kada rashin tiyon mai da na birki ya tsayar da ƙera motoci.

Wanda ke son ganinsa da ido ba sai ya je nesa ba. Ya leƙa ƙarƙashin Golf a kowane gareji a Azare, zai ga siraran tiyo masu tauri sun bi gefen shasi a jere: baƙi mai kai mai gaba, shuɗi mai komar da ragowar zuwa tanki. Da su motar ta fito daga kamfani, kuma da yawansu suna nan suna aiki bayan bodin ya sha walda sau da dama. Haka tsofaffin Marsandi masu shan gas suke da tiyon nailan tsakanin filta da famfo, waɗanda kan yi ruwan ƙasa su yi gautsi idan sun tsufa.

Inda ya yi zarra

Na farko, ba ya tsatsa. Ruwa a tanki ko laka a shasi ba su dame shi ba. Na biyu, ana jan sa gaba ɗaya daga tanki zuwa gaba ba tare da gaɓa ba, kuma kowace gaɓa da aka rage, an rage wurin yoyo. Na uku, cikinsa santsi ne, ba ya sakin ɓurɓushi, kuma tururin fetur ba ya ratsa jikinsa kamar yadda yake ratsa tsohuwar roba, abin da kan sa mota ta riƙa wari alhali ba a ga ɗigo ba. Yana jure fetur da gas da fetur mai ethanol. Methanol mai yawa dai yana wahalar da shi, kamar yadda yake wahalar da roba.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi bazararmu. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Azare da Gadau kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Wani sashe na fetur yana fara tafasa tun bai kai wannan zafi ba. Idan man ya yi tururi a cikin bututu, famfo ya riƙa jan iska, sai mota ta riƙa shiƙa ta mutu a tsakiyar rana, ta ƙi tashi sai ta huce. Tsofaffin direbobin Fijo sun san maganin gaggawa: a jiƙa tsumma a ɗora a kan famfon mai. Ƙarfe yana ɗaukar zafi ya miƙa wa man da ke cikinsa fiye da nailan sau ɗari da wani abu. Sa nailan ba zai kawar da matsalar ɗungurungum ba, tunda famfo da kafireto suna manne da inji, amma yana rage zafin da man ke kwasa a hanya.

Inda yake da rauni

Babban abokin gabansa wuta ce da zafin salansa. PA11 da PA12 suna narkewa tsakanin digiri 175 zuwa 190, tun kafin nan ma sun yi laushi. Manifol ɗin salansa kuwa yakan wuce digiri 500 idan mota ta ɗauki kaya tana hawa. Tiyon da ya taɓa shi ba ya ɗaukar lokaci. Tartsatsin walda ma ya isa ya huda shi, abin lura ga motocin da ba sa wata biyu ba su ziyarci mai walda ba.

Na biyu, gugar ƙarfe. Inda tiyo ya ratsa huda a bodi ba zoben roba, ko ya kwanta a kan kaifin shasi, girgizar hanya za ta sa ƙarfen ya riƙa cin sa a hankali har ya ɓule. Na uku, karyewa. Idan aka lanƙwasa shi da ƙarfi ya yi gwiwa, wurin ya yi fari, to ya mutu ke nan, ko an miƙe shi ba ya komawa daidai. Ruwan batir yana cin sa. Farin nailan ba ya son rana, baƙin ne aka sa wa sinadarin da ke kare shi. Ɓeraye kuma suna gwaguyarsa, kuma motar da ke dakon hatsi ta kwana kusa da rumbu ba ta rabuwa da su.

Sannan yana miƙewa da zafi ya ƙanƙance da sanyi kusan ninki goma na ƙarfe. Wanda aka ja shi tamau da tsakar ranar bazara, da asubahin hunturu zai riƙa jan bakinsa.

A bakin rami

Aikin bakaniken da ya san abin da yake yi ana gane shi tun kafin ya taɓa tiyo. Zai cire kan batir. Zai sa a kashe duk wata wuta da ke kusa, har da garwashin mai shayi da sigarin yaran gareji, don tururin fetur ya fi iska nauyi, ramin gareji yake gangarawa ya taru. Zai tsiyaye tanki a jarka ya rufe, ya kai ta nesa.

Sai ya auna tsawon tsohon bututu, ya ƙara ɗan sarari. Ba ya yanka da zarto, domin garin da zarto ke bari zai tafi kai tsaye cikin kafireto. Da reza ko wuƙa mai kaifi yake yankawa, a miƙe, baki ya fita daidai. Ga kofin ruwan zafi a gefe. Ya tsoma bakin tiyon na 'yan mintuna har ya ɗan saki, ya damƙe shi tsakanin katako biyu da aka fafe musu hanya daidai kaurinsa, ya bar ɗan tsawo a waje, sannan ya tura kan haɗi mai haƙora a hankali har ya shige duka. Idan ya huce, nailan ya kama haƙoran nan kam, ba ya fita sai an tsaga shi. Ba a gasa bakin da ashana ko leta. Wuta tana ƙona shi ta waje ta bar shi da gautsi, ranar da zai tsage kuwa ba ya sallama.

Inda nailan zai haɗu da tiyon roba, sai ya cusa ɗan guntun bututun tagulla a cikin bakin nailan ɗin kafin ya sa roba a kai ya ɗaure da kilif. In ba haka ba, kilif zai matse nailan ya lotsa, mai ya sami hanya. Waya da tsinken robar tayar da ake naɗawa ba su maye gurbin kilif.

Daga nan ya bi tsohuwar hanyar da kamfani ya bi, ta gefen da ba salansa, ta saman shasi inda dutse da kututture ba za su kai ba. Kowane santimita 30 zuwa 40 ya kama shi da maƙali mai roba a ciki. Duk inda zai ratsa ƙarfe ya sa zoben roba. A kwana ya ba shi fili ya zagaya, ba ya tilasta shi. Da ya iso ɗakin inji sai ya tsaya a jikin bodi, nesa da manifol da batir. Daga nan zuwa famfo da kafireto aikin tiyon roba ne mai kyau, shi ke shanye girgizar inji. Inda dole hanya ta kusanci salansa, a sa guntun bututun ƙarfe a wurin, ko a kare da faranti.

A ƙarshe ya mai da mai, ya ta da mota, ya bi kowace gaɓa da busasshen tsumma yana dubawa yana shinshinawa. Bayan kwana biyu a dawo a sake dubawa.

Abin da za a karanta a jikin tiyo

Tiyon kirki yana ɗauke da shaidarsa a rubuce a jikinsa. A nailan, a nemi PA11 ko PA12, tare da lambar ma'auni irin DIN 73378 ta Jamus ko SAE J2260 ta Amurka, da kuma girmansa. Idan an rubuta 8x1, kaurinsa na waje milimita 8 ne, raminsa 6. A nan ma ana tafka kuskure, domin nailan da kaurin waje ake kiransa, roba kuwa da faɗin rami. Ramin milimita 6 yakan wadatar da injin kafireto mai lita biyu irin na 504. Wanda ya fi haka ƙanƙanta zai sa mota ta riƙa jin yunwar mai idan ta ɗauki kaya.

A roba kuma a nemi SAE J30. Mai R6 ko R7 na motar kafireto ne, ƙarfinsa bai wuce 50 a ma'aunin masu faci ba. Mai R9 an yi shi don injekta, yana ɗaukar 100, kuma cikinsa ya fi jure man zamani, don haka ko a motar kafireto ya fi daɗewa. Wanda zai zauna cikin tanki tsundum a mai, R10 ne. Tiyon da ba rubutu a jikinsa, ko wanda aka yi don iska ko ruwa, a bar shi a shago komai sauƙin kuɗinsa. Araha ba ta ado.

Nailan na gwanjo da aka ciro daga motocin Kwatano yana iya yin aiki, amma a murza shi a hannu tukuna. Idan ya yi ƙara, ko yana da farin tabo na karyewa, ko shaidar guga, ba shi da sauran amfani. An kuma riga an lanƙwasa shi da siffar wata mota, tilasta shi bin wata hanya daban yana jawo gwiwa.

Wasu kanikawa kan ɗauko bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji, don yana lanƙwasuwa da hannu. Ba ya tsatsa, gaskiya ne, amma girgiza tana sa shi ya taurare ya tsage, galibi a bakin gaɓa. Wanda ya fi son ƙarfe ya nemi bututun ƙarfe na mota, ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel.

Inda bai kamata a kai shi ba

Nailan ba ya shiga hanyar birki mai aiki da mai, inda turi kan haura 1,000 a ma'aunin masu faci. Ganin tirela da tiyon nailan a birkinta kada ya ruɗi kowa, nata birkin na iska ne. Ba ya shiga tsakanin famfo da nozul a injin gas. Haka masu mai da motocinsu kan iskar gas ta CNG su sani cewa tukunyar tana riƙe da turi kusan 3,000, bututunta na musamman ne, aikin kuma na waɗanda aka horar ne.

Bosuwaja kuma tana da nata darasin. Tankinta yana gaba, inji a baya, bututun ƙarfe ya ratsa ta tsakiyar shasi. An san ta da gobarar inji a duk duniya, kuma sanadin bai cika wuce uku ba: tsohon tiyon roba a saman inji, zoben robar da ya cinye inda bututu ya ratsa faranti, da ɗan bakin tagulla da kan zare daga jikin kafireto, musamman idan an rataya masa filta mai nauyi. Ko an ja nailan daga gaba zuwa baya, in ba a gyara waɗannan uku ba, ba a yi komai ba.

Mafi muni duka shi ne dabarar galan. Famfo ya mutu ko bututu ya toshe, sai a ɗora galan ɗin fetur a kan rufi ko a gaban mota kusa da ƙafar fasinja, a ja farin tiyo ta taga zuwa kafireto. An ƙirƙiro ta don a fita daga daji a kai gari, amma akwai motocin da suka mai da ita tsarin dindindin, har da ɗaukar mata da yara. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kifar da galan, tartsatsi ɗaya daga wayar da ta goge ya ƙarasa sauran. Wutar fetur kuma ba a kashe ta da ruwa, ruwa yaɗa ta yake yi. Yashi ke danne ta, ko tukunyar kashe gobara mai hoda, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta wajabta wa kowace mota.

Hukunci

Ga mai adana tsohuwar mota don tarihi, wanda ke son komai ya zauna yadda ya fito daga kamfani, ya mayar da irin abin da ya tarar. Ga mai 504 ko J5 ko Golf da ke neman abinci tsakanin Gadau da Azare da Jama'are da Misau, tsarin da ya fi dacewa a bayyane yake: baƙin nailan mai shaidar PA11 ko PA12 a doguwar hanyar ƙarƙashin mota, gajerun tiyon roba masu lambar R9 a bakin tanki da gefen inji, ƙarfe a duk inda salansa ta matso, da kilif na gaske a kowace gaɓa.

Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA da na direbobi ta NURTW a Azare da kewaye suna da rawar takawa: su hana lodin fasinja a motar da ke tafiya da galan, su kuma koya wa yaran gareji karanta rubutun jikin tiyo kafin su yanka. Mai mota kuma, duk lokacin da ya je juyen baƙin mai, ya ce a bi masa hanyar fetur da hannu tun daga tanki har kafireto, a canza duk tiyon da ya tsage, ya kumbura, ko ya jiƙe.